Katangar Maƙabarta da Ruwan Vartavar

2 ga Yuni, 1969

Zuwa ga ƙanwata Nuvart,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar taki? Yaya zaman birnin Marsel? Ni dai ina nan a ƙauye yadda kika bar ni, sai haƙori biyu da suka ragu.

Kin tambayi labarin Bishop ɗinmu, Sirpazan Hmayak, kin ce kin ga hotonsa a jarida. Ai kowa ya gani. Ya dawo daga Geneva makon jiya, inda ya yi jawabi a kan haɗin kan coci-coci har Turawa suka miƙe tsaye suna tafi. Jawabin ni na rubuta shi, kamar sauran na shekara ashirin da suka wuce. Shi nasa kawai ya shafa gemu ya karanta. Kin dai tuna shi kafin coci ta canja masa suna, Manug ɗan mai gidan burodi, wanda yake zama a bencin baya a makarantar limamai yana kwafar Girkanci daga littafina. Ni na ɗaya a aji, shi na biyun ƙarshe, kuma na ƙarshen ma kurma ne. Yau shi ake sumbatar hannunsa, ni ke riƙe masa lema.

Ba na nadama. Da aka ce in zaɓa tsakanin rigar limanci da auren Azniv, don ita 'yar Katolika ce, ban kai minti biyu ina tunani ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Mutumin nan ya rungumi manyan Roma, ya ci abinci da limaman Habasha, ya yi addu'a da 'yan Ingila a ɗaki ɗaya, amma ya kasa fasa katangar da ba ta kai tsayin ƙirjina ba a maƙabartar ƙauyensa. Dukanmu Armeniyawa ne, tare iyayenmu suka sha gudun hijira, amma gawarmu kashi uku ce: namu a gabas, Katolika a yamma, Furotesta a lungun da akuyoyi ke shiga. Shekara tara ke nan Azniv tana kwance a yamma. Ni idan na mutu gabas za a kai ni. Na auna da taki, Nuvart. Taki goma sha ɗaya ne tsakanin wurina da nata, da katanga a tsakiya.

Yanzu wai zai sake gwadawa. Ya gayyaci Monsinyo Kerope na Katolika da Fasto Sisag na Furotesta su taho daga Beirut a sa hannu a kan cewa miji da mata za su iya kwanciya wuri ɗaya ko da cocinsu daban. Sau uku ana kiran wannan zama. Na farko ya watse a kan wanda zai zauna a kujerar tsakiya. Na biyu a kan wanda zai buɗe da addu'a. Na uku ko zama ba a yi ba, don an tsaya a bakin ƙofa ana ta ladabin ƙarya a kan wanda zai fara shiga, har miya ta huce, kowa ya koma motarsa. Likita ya ce zuciyar Sirpazan ba za ta kai shi wani bikin Ista ba. Wanda ake sa ran zai gaje shi kuwa ko gaisawa ba ya yi da Katolika. In wannan karon ya lalace, shi ke nan.

Ki gaida kowa. Maganin da kika aiko ya iso, bai yi kome ba.

Yayanki,
Parunag


8 ga Yuli, 1969

Ƙanwata Nuvart,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun tashi lafiya, kuma yarinyar ta warke daga tarin.

Na shirya kome yadda ko a fadar Paparoma ba za a fi haka ba. Na sa kafinta ya yi teburi mai zagaye don kada a sami kai ko ƙafa. Kujeru uku, na auna su da igiya da kaina, na sa aka rage ƙafar ɗaya da rabin yatsa. Yarjejeniyar kuwa shafi talatin da takwas na rubuta, da hujjoji daga magabata na ƙarni na biyar, irin aikin da ban yi ba tun ina saurayi. Ƙofar gidan Sirpazan ce kawai ta gagare ni. Mutum ɗaya take ci, kuma Sirpazan ya hana a faɗaɗa ta.

Sai shekaranjiya ina duba kalanda na ji kaina ya sara. Ranar da ya sa na rubuta a takardun gayyata, sha uku ga wata, ranar Vartavar ce. Kin san bikin yawo yake yi, yana bin Ista, shi ya sa ban lura ba. Ki dubi wannan wauta. Ranar da duk ƙauye ke haukacewa da ruwa, ranar da tsohuwa ke sheƙa wa surukinta bokiti kuma ba shi da ikon yin fushi, ita ya zaɓa ya kawo manyan baƙi cikin rigunan alfarma.

Na same shi yana cin kankana, na faɗa masa. Ya ɗago ya dube ni da idanun nan nasa na saniya, ya ce, "Haka ne? To ai an riga an aika takardu, Parunag." Ya ci gaba da tofar da 'ya'yan kankana a tafin hannunsa. Wannan shi ne mutumin da jaridu ke kira mai hangen nesa. Washegari ma, maimakon ya nemi mafita, sai ya aike ni Beirut in karɓo masa wani ƙunshi a wurin tela. Awa shida a mota saboda tsumma.

Na bi gida-gida ina roƙon mata su yi haƙuri bana, ko da na awa ɗaya ne. Digin Makruhi, dattijuwar nan da rufin gidanta ke kallon ƙofar gidan Sirpazan, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baron Parunag, kakata ta jiƙa bishop, uwata ta jiƙa bishop, ni ce zan zubar da mutuncin gidanmu?" Na ce mata waɗannan baƙin birni ne, can ba a taɓa malaman coci. Ta ce to lallai sun daɗe da ƙura a jikinsu. Da zan fita ta ƙara da cewa ni in kwantar da hankalina, ba mai ɓata ruwansa a kaina, don fuskata kaɗai tana iya busar da rijiya.

Gaskiya ta faɗa. Tun da Azniv ta rasu ba wanda ya ɗiga mini ko cokali ɗaya. Ita ce ke fara jiƙa ni kowace shekara, tun ban buɗe ido ba, da butar shayi. Yanzu ina ratsa kasuwa ranar Vartavar, ruwa na tashi ta ko'ina, ni kaɗai nake isa gida a bushe kamar busasshen kifi. Ban damu ba. Na faɗa miki ne kawai.

Ki sa mu a addu'a, ko da yake ban ga abin da addu'a za ta yi wa Makruhi ba.

Yayanki,
Parunag


15 ga Yuli, 1969

Ƙanwata Nuvart,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai kyau, ke da mutanen gida. Ki yi haƙuri da rubutuna, mura nake yi, ga dalili nan tafe.

Sun iso ranar Lahadi da azahar, mota biyu, kowace tana jan ƙafa don kada ta riga ɗayar tsayawa. Monsinyo ya fito da ɗamararsa ta alharini, Fasto da kwat ɗin Amurka da hular da ko ƙuda bai taɓa sauka a kai ba. Sirpazan ya tarye su a titi da baƙar hularsa mai tsini. Ya karɓi shafi talatin da takwas ɗina ya ce shi zai riƙe. Titi tsit. Ba kowa. Har na fara tunanin ko roƙona ya karɓu.

Muka isa bakin ƙofa, aka soma abin da aka saba. Monsinyo ya ce Fasto ya shiga, amma ƙafarsa tana kan dokin ƙofa. Fasto ya ce a'a, babba ya fara, amma kafaɗarsa ta riga ta tare hanya. Sirpazan yana tsaye yana murmushi kamar wanda bai san garin da yake ba. Na ga ya ɗan ɗaga kai sama, ya shafa gemu.

Bahon wanki ne, Nuvart, ba bokiti ba. Makruhi da 'ya'yanta mata biyu suka ɗauko shi. Bayansa kuma kowane rufi ya buɗe. Hular Fasto ta bi kwata. Monsinyo ya kira sunan wani waliyyi da Italiyanci. Sirpazan kuwa ya ɗaga yarjejeniyata ya yi lema da ita. Ina kallo tawadar magabatan ƙarni na biyar tana gangarowa ta gemunsa. Sai su ukun suka afka ƙofa lokaci ɗaya, suka maƙale, suka faɗa ciki a dunƙule. Har gobe ba mai iya rantsewa a kan wanda ya fara shiga. Ni na bi su a baya, ko ɗigo bai taɓa ni ba. Matan nan sun iya saiti.

Monsinyo yana rawar sanyi ya ce zai kai ƙara har Roma. Sirpazan ya ce masa, "Ɗan'uwa, ka manta? Yau ba a fushi. Uwarka ma ta jiƙa wani." Monsinyo ya matse ruwa daga ɗamararsa. Can sai ya ce uwarsa da tulu take yi, kuma ba ta taɓa kuskuren kai ba.

Aka kwashe rigunansu aka shanya a igiya, da ɗamara da zobba da kwat, duk suna ɗiga tare. Sai Sirpazan ya buɗe kabad ya fito da rigunan zaman gida guda uku masu ratsin shuɗi, iri ɗaya, sababbi fil. Na dube su, na dubi takardar da aka naɗe su. Ƙunshin da na ɗauko daga Beirut ne.

Teburina mai zagaye ba wanda ya ko leƙa shi. Kicin suka shige saboda ɗumin murhu, suka zauna a kan buhunan alkama, tsofaffi uku da ƙwauri a waje, ba ka bambance na Roma da na Amurka. Suka sha miyar kindirmo, suka yi gardama a kan garin da ya fi iya basturma, kilishin nan namu, suka gano cewa biyu daga cikinsu a gidan marayu ɗaya suka tashi. Ba wanda ya buɗe da addu'a, don Fasto ya yi atishawa, sauran biyun suka sa masa albarka a tare, aka ce ta wadatar. Daga nan Sirpazan ya yagi takardar kalanda, ya rubuta layi huɗu a bayanta, suka sa hannu. Layi huɗu. Akwai kuskuren rubutu biyu a ciki, na nuna masa, ya ce in bar su don a san shi ya rubuta.

Da muka kaɗaita na ce masa, "Manug, ka sani tun farko." Shekara talatin rabona da in kira shi da wannan suna. Ya ce shi ai ba ya gane kalanda, ni ne mai ilmi.

Jiya Litinin, ranar ziyarar matattu, baƙin suka ƙi tafiya sai an gama. Duk ƙauye ya hallara. Magini ya cire duwatsu, ya buɗe wuri daidai wucewar mutum biyu. Aka ce in fara shiga, kuma wannan karon ba a yi gardama ba. Na tsaya a kan Azniv, ban san abin da zan ce mata ba, ni da na rubuta wa duniya jawabi. Ina nan tsaye sai na ji ruwan sanyi ya sauko mini daga tsakar ka har cikin takalmi. Na juya. Sirpazan ne, riƙe da butar ban-ruwan furanni, yana haki.

Na ce, "Sirpazan, Vartavar jiya ne."

Ya ce, "Ka san ni tun makaranta, Parunag. Kullum a makare nake."

Makruhi ta yi dariya har ta zauna a kan kabarin mijinta. Ban yi fushi ba, ko da yake ranar ta wuce, ina da ikon yi.

Kafin mu fito na auna wurin da ke gefen Azniv. Ya ɗan yi mini gajarta, da kamar tafi ɗaya. Magini ya ce zai iya matsar da dutse, na ce ya bari. Zan lanƙwashe ƙafa. Haka na kwana kusa da ita shekara ashirin da shida, don ba ta taɓa bar mini rabin gado ba.

Ki aiko mini da maganin mura, amma ba irin na wancan karon ba. Allah ya bar mu tare.

Yayanki mai ƙaunarki,
Parunag