Kofur Ba Ya Barin Mutum Ya Tsallaka Shi Kaɗai

Litinin, 3 ga Fabrairu

Sabon gida, sabuwar makaranta. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, keken ɗinkin Mama ya cinye rabinsa. Katifa ɗaya muka zo da ita. Katifar Yaya mun bar wa maƙwabta a tsohon gida, Mama ta ce babu wurin ajiyewa. Tunda mai ita ta rasu, me zan ce?

A aji malama ta ce in tashi in faɗi sunana. Na faɗa. Ta ce in ɗaga murya. Ban ɗaga ba. An ba ni kujerar baya mai girgiɗi, kuma ta yi min, babu mai kallon ƙeyata.

Tsakanin layinmu da makaranta akwai babban titi, manyan motoci ba sa ragawa kowa. Wani jan kare mai karyayyen kunne yana zaune a bakinsa, kusa da rumfar mai faci. Ya yi min haushi. Har kare ya san ni baƙuwa ce.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na fita da sassafe don kada in haɗu da yaran layi. Ina zuwa bakin titi karen nan ya tashi ya sha gabana. In yi dama, ya yi dama. In yi hagu, ya yi hagu. Ba cizo, ba komai, ya dai yi kane-kane kamar titin na ubansa ne. Haka na tsaya raina a ɓace har yaran suka taru.

Sai na ga abin mamaki. Suka jeru, kowa ya kama hannun na kusa da shi. Karen ya dubi can, ya dubi nan, ya jira wata motar yashi ta wuce, sannan ya shige gaba suka bi shi.

Wata 'yar ajinmu ce ta yi min bayani ba tare da na tambaye ta ba. Bakinta ba ya hutawa, na sa mata Rediyo a raina. Wai sunansa Kofur. Wai karen wani tsoho ne, Baba Mai Usur, wanda ya daɗe yana tsallakar da yara da usur da jan ƙyalle, tun yayyensu suna ƙanana. Dokarsa ɗaya ce: ba a tsallakawa sai hannu na cikin hannu. Kafin hutu ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta can ƙarshen gari. Kare kuwa ya ƙi barin aiki.

Ta miƙo min hannu. Na riƙe igiyoyin jakata da hannu biyu na bi bayan layin. Kofur ya yi ta gurnani har muka kai ɗaya gefen.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Ba na son Juma'a. Ran Juma'a ne Yaya ta rasu.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na yi dabara, na gangara wajen gidan mai don in tsallaka ta can. Ina juyowa na ga Kofur a bayana, harshe a waje. Mai faci ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, “'Yata, ki haƙura, wannan ya fi hedimastanku taurin kai.” Ban yi dariya ba. Ina ruwan kare da rayuwata?

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Tunda dole in jira, na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na gutsura wa Kofur burodina. Bai wawura ba, a hankali ya karɓa, sannan ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan takalmina. Kansa da nauyi.

Ban san yadda aka yi ba, na fara ba shi labarin Yaya. Yadda take yi min kitso tana ja da ƙarfi ina ihu. Yadda ba ta taɓa barina in tsallaka ko ƙaramin layi ba sai ta damƙi hannuna, ina fizgewa ina cewa ni ba yarinya ba ce. A asibiti ni ce na riƙe nata. Da farko tana matsewa idan na yi magana, daga baya ta daina. Na ci gaba da riƙewa har ma'aikaciyar jinya ta zo ta zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Tun ranar ban sake riƙe hannun kowa ba. Ba don komai ba. Kawai ba na so.

A gida ba ma ambaton sunanta. Mama ta taka keke, ni in yi aikin gida, shi ke nan. Kofur bai ce “Allah sarki” ba, bai ce in yi haƙuri ba. Kunnensa mai lafiyar kawai ya motsa.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Rediyo ta ce, “To, hajiya, in hannuna ƙaya ne, kama igiyar jakata mu gani ko Kofur zai yarda.” Na kama. Ya ƙare mana kallo, ya yi atishawa, ya shige gaba. Yara suka yi ta shewa wai an ba Kofur cin hanci. Saura kaɗan in yi murmushi.

Ƙanenta, wani ɗan ƙarami da suke kira Auta, ya ba ni rabin alawa da ya riga ya tsotsa. Na karɓa don kada ya yi kuka.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Dole in rubuta wannan.

Ana gab da tashi Rediyo ta juyo ta ce, “Wai ke kaɗai ce a gidanku? Ba ki da yaya ko ƙanwa?” Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Na hau tura littattafaina cikin jaka. Ana kaɗa ƙararrawa na fice da gudu kafin kowa. Idona cike da hawaye, ban ga titi ba, ban ga komai ba. Na dai sa ƙafa.

Sai na ji an fizgo ni ta baya da ƙarfi, na faɗi a kan gwiwa. Tirela ta wuce, iskarta ta watsa min ƙasa a baki. Direban ko birki bai taka ba. Kofur yana tsaye, siket ɗina a bakinsa. Mai faci yana ƙarƙashin wata mota, bai ga komai ba. Babu wanda ya gani.

Mama ta ɗaga siket ɗin wajen haske. Ita da ta yi shekaru tana gyaran yagaggun kaya, ba a ɓoye mata. Ta ce, “Wannan ba ƙusa ba ce. Haƙori ne.” Ta dubi gwiwata mai jini. Ta ce, “Karen bakin titin nan ne?”

Na gyaɗa kai. Ai shi ne. Ban yi ƙarya ba.

Da zan ce sauran, sai na faɗi tirela. In na faɗi tirela, sai na faɗi abin da ya sa ban duba ba. Fuskar Mama ta koma irin ta ranar asibiti. Na bar maganar a haka.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Mama ta ajiye ɗinkin mutane ta tafi wajen hedimasta. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin muryarta: “Ɗaya ta rage min, ranka ya daɗe. Ɗaya.” Ya ce dama wasu iyayen sun sha yin ƙorafi a kan kare marar mai shi a ƙofar makaranta. Nan take ya buga waya. Masu kama karnuka za su zo ran Talata.

Na ɗauka wani wuri za su kai shi su riƙa ba shi abinci.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Ba haka ba ne. Mai faci ya ce wanda suka saka a motarsu ba ya dawowa. Auta ya yi ta kuka har majina. Yara suna ta tambayar wace ce ta ce an cije ta, Kofur da ko kaza bai taɓa kora ba.

Rediyo ta sunkuya ta dubi bayan siket ɗina. Ɗinkin Mama ƙanana ne, sai an kula ake ganinsu, amma ta gani. Ta ɗago ta dube ni. Ba ta tona ni ba. Ba ta kuma ce min uffan ba har aka tashi. Ashe shirunta ya fi surutunta ciwo.

Kofur kuwa yana ganina ya taso yana kaɗa wutsiya. Na kasa kallonsa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na buɗe baki na ce, “Mama.” Ta tsayar da keke. Na ce ko in ɗebo ruwa. Matsoraciya.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Mama ta ce ita za ta riƙa kai ni har a ɗauke karen. Ta ɗauki sandar awon yadi a hannu ɗaya, ta damƙi hannuna da ɗayan tun daga matakala. Na so fizgewa, ta ƙi saki. Tafin hannunta duk ya yi kanta saboda almakashi. Na manta haka yake.

Kofur ya taso. Mama ta ɗaga sanda. Bai ko kalli sandar ba, hannuwanmu ya kalla. Sai ya juya, ya dubi can, ya dubi nan, ya jira mota ta wuce, ya shige gabanmu yana waiwaye kamar yana cewa ku taho mana. Mama ta bi shi, sanda a sama, ta rasa yadda za ta yi da ita.

Muna hawa ɗaya gefen maganar ta fito da kanta. Na ce, “Mama, ba cizona ya yi ba. Janyo ni ya yi. Tirela ce.”

Ta nemi wuri ta zauna a kan dakalin wani shago. Ta ce, “Me ya hana ki duba hanya?” Na ce an tambaye ni ko ina da yaya. Shi ke nan. Mama ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ban ga ta yi ba tun ranar zaman makoki, ta kira sunan Yaya a fili, a bakin titi, mutane suna wucewa. Ni ma na yi. Kofur ya zauna nesa kaɗan yana jiranmu.

Hedimasta ya ce magana ta riga ta bar hannunsa, sai dai in mai kare ya zo ya ɗauke abinsa kafin gobe. Mu ba za mu iya ba, mai gidanmu ko kyanwa bai yarda da ita ba. Mai faci ya ce rumfarsa ba gida ba ce. Saura 'yar Baba Mai Usur, kuma Rediyo ce kawai ta san gidan, ta taɓa raka mamarta dubiya.

Na sami Rediyo a bakin famfo. Na faɗa mata komai, har da Yaya, ina kallon ƙasa. Ta ce, “Ke dai wallahi sakarya ce. Da kin faɗa tun farko.” Ta goge ido da bayan hannu. Ta ce, “Motar kasuwa za mu hau, kuma ni ce a bakin taga.”

Mun je da yamma, mu uku da Mama. Baba yana kwance a wani ɗaki mai warin man zafi, ya rame, usur ɗinsa a rataye jikin ƙusa. 'Yarsa ta ce ta sha ɗauko karen yana gudu ya koma titi, amma wannan karon za ta ɗaure shi a ƙofar ɗakin Baba har ya saba. Mama ta yi ta ba ta haƙuri. Baba ya motsa baki da ƙyar, sai da 'yar ta kara kunne. Ta ce, “Wai yana tambaya, suna riƙe hannu?”

Rediyo ta ce, “Kowa na riƙewa, Baba.” Ko kallona ba ta yi ba.

Talata, 25 ga Fabrairu

Surukin Baba ya zo da a-kori-kura tun da safe. Kofur ya ƙi hawa. Aka ja, aka lallaɓa, aka nuna masa ƙashi, ko gezau. Mai faci ya ce, “Ku bar shi ya gama aikinsa.” Ya tsallakar da mu, ya koma ya kwaso 'yan makara, sannan ya yarda aka ɗaga shi.

Na ba shi burodina duka. Ya ɗora haɓarsa a bakin motar yana kallon titi har suka sha kwana. Masu kamun sun zo da rana, suka tarar da kwanon ruwansa kawai.

Yana raye. Na yi ta maimaita wa kaina haka. Amma ni ce na raba shi da titinsa, wannan ma gaskiya ne.

Asabar, 1 ga Maris

Mama ta fito da wata rigar Yaya daga ƙasan akwati, mai ruwan ganye. Ashe ta ɓoye ta. Ta gwada min, ta ce za ta rage hannun. Ta ce Yaya ma haka take da taurin kai, ta gado wajen mahaifinmu. Muka yi dariya kaɗan.

Litinin, 3 ga Maris

Yanzu maigadin makaranta ne aka ce ya riƙa tsallakar da mu, amma ba ya fitowa da wuri.

Na riga kowa zuwa, kamar kullum. Babu kare. Titi fayau, ko keke babu. Da na so, da tuni ina cikin aji, babu mai shan gabana.

Igiyar takalmina ce ta kwance, shi ya sa na tsaya. Na ɗaure ta. Ban ji daɗin ɗaurin ba, na kwance na sake. Mai faci yana kallona ta ƙasan ido yana ta fito da baki, ban kula shi ba.

Can na jiyo muryar Rediyo tun daga kan kwana, tana faɗa da Auta a kan safa. Da ta iso ta juya min baya don in kama igiyar jaka. Igiyar ta tsufa, ta kusa tsinkewa, ba na so a ce ni na ƙarasa ta. Don haka ne kawai na kama hannunta.

Hannunta da gumi, kuma tana lilo da shi da yawa. Sai da muka shiga ƙofar makaranta na tuna ban saki ba.