Na Kai Baƙi Gadarsu Ranar Da Ba Kasuwa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Don Allah a sakaya sunana, kuma a daure a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, shawara nake nema.

Ni ma'aikacin wata ƙaramar hukuma ne a yankin Haɗeja, a sashen ayyuka. Ba wani babba ba ne, ni ne dai wanda ake turawa rakiyar baƙi, saboda na san lungunan fadama kuma Turancina yana ɗan tafiya. Shekarun baya wata ƙungiyar ba da tallafi ta ce za ta rushe tsohuwar gada ɗaya a yankinmu ta gina sabuwa, da hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa a gefenta. Sharaɗinsu shi ne ƙaramar hukuma ta mara baya, ta ba da fili, ta nuna musu inda aka fi buƙata. Gadoji biyu aka sa a gaba: ta ƙauyenmu, da ta wani ƙauye can hayin kogi. Duka sun tsufa, amma wallahi na san tasu ta fi tamu lalacewa. Siririya ce, mota ɗaya ke cika ta, kuma ƙarfen gefe ɗaya ruwa ya daɗe da tafiya da shi.

Baƙin suka ce yini ɗaya gare su, za su tsaya a kowace gada su ga yawan masu wucewa da idonsu. Ciyaman ya ce in zaɓi rana. To duk wanda ya tashi a karkara ya san ba a gane amfanin gada sai ranar kasuwa. Kasuwarmu Laraba take ci, tasu Litinin. Su kuwa baƙin mutanen birni ne, inda kullum kasuwa ke ci, ko a ransu ba su kawo wannan tambayar ba. Na ce su zo Laraba. Na lallashi kaina cewa ai mahaifiyata ma ta kan gadarmu ake kai ta asibiti, kuma wa zai ga dama ta zo garinsu ya tura ta wani gari? Amma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, so nake in shiga garinmu ana nuna ni, ana cewa ɗan gidan wane ne ya kawo gada.

Da hantsi na kai su tamu. Ba masaka tsinke: kekuna ɗauke da buhunan shinkafa, matan Fulani da ƙoren nono, amalanken shanu, babura, kowa na ture kowa. Injiniyar da ke jagorantarsu, wata mata da ba ta jin Hausa, sai ɗaukar hoto take tana girgiza kai. Bayan azahar muka je ɗayar. Shiru, sai awaki biyu kwance a tsakiya. Muna tsaye sai ga wani dattijo yana turo keke da kwandon bandar kifi a baya. Bari in kira shi Baba Ɗanjuma. Ya san mahaifina, tare suka yi sana'ar su, wato kamun kifi, a ƙuruciya. Muka gaisa, ya tambayi abin da ya kawo mu, na gaya masa. Sai ya jingine keken a ƙugunsa ya ce:

"Ɗan nan, yau kuka zo? Ai yau ba kowa. Ka ce musu su dawo Litinin, su ga yadda muke raɓewa a bakin nan idan mota ta shigo."

Injiniyar ta tambaye ni me ya ce. Na ce yana yi musu barka da zuwa ne. Ta sake tambaya ko kullum haka gadar take ba mutane, na ce kusan kullum. Jama'a, a gabansa na faɗi wannan, yana kallon bakina yana gyaɗa kai, a zatonsa saƙonsa nake isarwa. Har kifi biyu ya naɗe mini a takarda, ya ce in kai wa iyali. Ya hau kekensa, ya buga ƙararrawa, ya wuce. Na kai kifin gida, aka yi miya da shi, na ci na ƙoshi.

Aka gina gadarmu, faffaɗa, da hanyar keke da ta ƙafa an kare su da ƙarfe. Na samu abin da nake so. Tsofaffi na sa mini albarka, a masallaci ana matsa mini wuri a sahun gaba, mahaifiyata har kuka ta yi. Damina ta biyu bayan nan, wata Litinin da kogi ya cika ya batse, Baba Ɗanjuma na tsakiyar gadarsu da kwandonsa sai wata motar hatsi ta shigo. Mutane suka matsa gefe kamar yadda suka saba, shi kuma gefen da ba ƙarfe ya samu. Waɗanda suka gani sun ce tayar baya ce ta zame, kuma bai saki keken ba. Sai washegari masunta suka same shi a cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ke toshe ruwa, can ƙasa da garin.

Na je ta'aziyya, don rashin zuwan ma abin tambaya ne. Ina zaune a kan tabarma sai ƙaninsa ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Marigayi ya sha faɗa mana kai ka isar da kukanmu ga masu aikin gada. Ka yi iyakar yinka, Allah ne bai nufa ba." Na ce amin, ban ma san me nake amsawa ba. Da me zan buɗe baki? A gaban 'ya'yansa zan ce ƙarya na yi?

Tun daga ranar ban sake zama daidai ba. Na yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, malamai sun faɗa kuma na yarda. Amma me ya sa idan aka buga ƙararrawar keke a bayana sai in kasa waiwayawa? Da rana tsaka, a cikin jama'a, sai in ga wani dattijo ya turo keke a kan hanyar da aka ware a gadarmu, in tsaya ina kallonsa har ya wuce, ina cewa nan ya kamata Baba ya bi. Kifi kuwa na daina ci, ɗan Haɗeja guda. Matata ta ɗauka ciwon ciki ne, har magani ta nemo mini. Idan zan je garinmu ta doguwar hanya nake zagayawa don kada in taka gadar da ake yabona a kanta.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne ƙungiyar za ta dawo, za ta sake gina wata gadar, kuma ni aka ce in sake raka su. Ƙauyen su Baba ba ya cikin wuraren da za a duba, don bayanin da suke da shi ya ce ba a bin gadar. Na gwada shigo da maganar a kaikaice, ciyaman ya ce ai ni da bakina na tabbatar musu ba kowa a can, kada in sa a ɗauke mu marasa magana ɗaya. Hanya ɗaya ta rage, in tsaya gaban injiniyar nan in gaya mata abin da tsohon ya ce da abin da na ce ya ce. Idan na yi, aikina zai iya tafiya, ina da 'ya'ya, kuma ba mamaki su yi fushi su janye tallafin daga ƙaramar hukumar baki ɗaya, a rasa nan a rasa can. Sannan maganar sai ta kai kunnen mahaifiyata, ta kai kunnen mutumin da ya riƙe hannuna. Idan kuma na yi shiru, hadari ya fara haɗowa, gadar na nan yadda take, kuma babban ɗan Baba ya gyara keken, shi ke kai kifi kasuwa duk Litinin.

Jiya a ofis aka ce in zaɓi ranar da baƙin za su zo. Me zan yi?