Fayafan Inno

Unguwar Tsamiya, ta Babura,
14 ga Afrilu, 1974.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya aikin hanya, yaya zafin Kano? Kai da ka ce ajin yaƙi da jahilci ɓata lokaci ne, to ga shi yau da shi nake gaishe ka, ba sai na kai sirrina gaban mai rubuta wasiƙa a kasuwa ba.

Saƙonka ya iso ta hannun Daudu direba, Allah ya ƙara buɗi. Amma ba zan ɓoye maka ba, gari ya yi zafi. Rumbu tun watan jiya muka share shi. Jar dawar da gwamnati ta raba muke ci, sau ɗaya a yini. Shanun Baffa Lado saura biyu, su ma sai an kama su suke tashi.

Mahaifiyarka Inno kuwa, ban taɓa ganin mace irinta ba. Ni da na ɗaga kai na ga sama fes sai tsoro ya kama ni. Ita ko da an kawo mummunan labari sai ta ce Allah ya kyauta, ta jawo kabarta, ta zauna gindin darbejiya ta kama saƙar faifai. Ranar da saniyarta ta faɗi, faifai ta saƙa. Ranar da rijiyar unguwa ta ƙafe, faifai ta saƙa. Har na taɓa cewa a raina, Allah ya yafe mini, wannan tsohuwa ba a sa mata tsoro a ƙirji ba.

Geron iri da ya rage ta raba shi biyu. Rabi za a yi binne da shi, a zuba a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Rabin ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta danna babban yatsanta a kai. Ta ce wanda ya ci iri, baɗinsa ya ci.

Yarinyar nan, wadda Inno ke kira Tasalla, tun da aka yaye ta cikinta ya ƙi jar dawa. Gudawa take yi, ta rame. Ka sa mu a addu'a.

Inno tana sa maka albarka. Ka huta lafiya.

Ni ce taka,
Mas'uda.

9 ga Yuni, 1974.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka. Wannan takarda kada ka bari kowa ya leƙa ta.

Binne ya ƙone. An yi yayyafi sau ɗaya, gero ya fito gwanin sha'awa, daga nan sama ta yi shiru kwana goma sha takwas. Yanzu gonar kamar ba a taɓa shuka komai a cikinta ba. Baffa Lado ya ce da an yi ruwan kirki za a fasa tulu. Babu wani iri a gidan nan sai shi.

Maigida, tulun nan ba cike yake ba, kuma ni ce. Lokacin da jikin yarinyar nan ya yi tsanani har kuka ba ta iyawa, na fasa liƙin Inno. Sau uku na ɗiba, na wanke tokar, na dama mata kunu a ɗakina. Na sake liƙewa da laka, na danna yatsana. Ta sha, ta tashi, yanzu har kaji take kora. Amma abin da ya rage bai fi rabin tulu ba.

Za ka ce me ya hana ni roƙon Inno. Ka san 'yar fari ce. Ni da ko sunanta ba na faɗa, ko ɗaukarta ba na yi a gaban mutane, da wane baki zan tsaya gaban surukata in ce a fasa iri saboda 'yata? Kunya ta hana ni roƙo, amma ba ta hana ni sata ba. Ka ji wautar matarka.

Kowa yana roƙon ruwa, ni ina roƙo ina tsoron ya zo. Idan rabin gonarka ya kwana ba shuka bana, ka san wadda za ka tuhuma.

Inno tana nan yadda ka san ta, saƙar ma ta ƙaru. Ran kasuwar da ta wuce ta ɗaure fayafanta duka ta ɗora a ka, ta tafi Babura a ƙafa cikin ranar nan, da shekarunta. Ta dawo da la'asar, ta sake jawo kabarta. Ina ma ina da ko kwatar zuciyarta.

Kada ka aiko mata da maganar. Da bakina zan faɗa, in Allah ya ba ni iko.

Taka,
Mas'uda.

2 ga Yuli, 1974.

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiya. Albishirinka! Ranar Alhamis da azahar aka yi ruwa, har kududdufin bayan gida ya cika.

Washegari da sassafe Baffa Lado ya zo da sungumi, Inno ta ce in ɗauko tulu. Na durƙusa zan fara magana, ta katse ni, ta ce damina ba ta jiran dogon zance. Na fasa liƙin. Maigida, tulu cike yake har wuya! Na saman ya fi namu haske, ba irin gidan nan ba ne.

Sai a gona, muna bin sahun Baffa muna zuba iri muna rufewa da dunduniya, Inno ta gaya mini yadda aka yi. Tun ranar farko ta gane, don babban yatsanta yana da tabon lauje, nawa kuwa sumul. Fayafan nan da ta ɗauka, wurin Adda ta kai su, ƙawarta ta ƙuruciya da ke aure a Babura, ita ta musanya mata da iri. Na sa kuka a tsakiyar gona. Ta ce in share hawayena kada in jiƙa mata iri. Ta ce kunya ado ce, amma ba ta son kunyar da za ta raba ta da jikarta. Ashe ita ma sau uku tana tsayawa kan tulun nan saboda yarinyar, ta kasa fasawa.

Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ita ma tana jin tsoro. Ta buɗe mini tafin hannunta, duk kaba ta yayyanka shi. Ta ce, "'Yar nan, ranar da ba na jin tsoro ai ba na taɓa kaba. Idan ya zo, aiki nake ba shi, kada ya zauna mini a ciki."

Fayafai ashirin da uku ta kai Babura, Maigida. Ni ina kallonta ina cewa dutse ce.

Gero ya fito, ya yi kunne biyu. Ba mu san abin da sama za ta yi ba, yau kwana biyar ke nan ba ɗigo. Amma yanzu mu biyu ne a gindin darbejiya, ta raba kabarta da ni.

Ga faifai nan na ba Daudu ya kawo maka, ka riƙa rufe abincinka. Shi ne na farko da na saƙa, kada ka yi mini dariya. Inda ka ga gefen ya karkace, ranar da hadari ya taso ya watse ne na saƙa wurin.

Inno tana gaishe ka. Tasalla ma tana gaishe ka. Ka ga, na rubuta sunanta.

Ni ce taka har kullum,
Mas'uda.