Umma, mudunki yana hannun Yaya Rabi

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, na zo miki da maganar da tun jiya ta hana ni cin abinci.

Kin tafi kafin in samu aikin nan, don haka bari in gaya miki. Ofishinmu na nan Abuja yana da jerin garuruwan da suka yi alkawarin ciniki na gaskiya: ba tauye awo, ba cutar manomi. Garin da ya shiga jerin, duk Asabar motoci kan kai masa baƙi masu saye. Ni ake aikawa in duba ko alkawarin na nan. Abokan aikina har tsokanata suke, wai ko gishiri aka ba ni kyauta sai na auna.

Jiya aka tura ni ƙauyenmu, can bayan Paikon Kore. Tun daga tashar Nyanya nake murna, don Yaya Rabi ce yanzu ke saya wa ƙungiyar mata hatsi daga hannun manoma, a rumfarki.

Ina isa na ga mudunki. Ta ajiye shi kan tabarma, ya karkace gefe guda ya ƙi zama.

Kin tuna ranar da kika kawo shi sabo? Kika ɗora shi a bakin turmi, kika sa taɓarya kika yi ta dukan cikinsa har gindin ya turo waje. Na tambaye ki don me kike ɓata sabon abu, kika ce, "Gara mai saye ya bi ni da godiya, da ya bi ni da Allah ya isa." Da shi kika sayar da gero har ƙarshen rayuwarki, kowane awo da ƙarin da mai saye bai sani ba.

Umma, ke sayarwa kike yi da shi. Yaya Rabi saye take yi da shi. In baƙi sun zo kuma, sai ta ɗauko mudun hukuma ta auna musu.

Na tsaya ina kallo matan Gwari suna sauke kaya daga kafaɗa, tana cika mudunki tana juyewa a buhu. Ƙarin nan da kike bai wa mutane, shi ake karɓewa daga hannunsu, awo bayan awo.

Na ja ta bayan rumfa na tambaye ta. Ta ce mudun Umma ne, albarkarsa take nema. Amma ba ta yarda mun haɗa ido ba, kuma har yanzu ban sani ba ko ta manta ne ko tana sane. Ita ta riƙe ni bayan rasuwarki, ita ta yi min kitson zuwa jami'a. Na ji kunyar tambayarta sau biyu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Mama Talatu, tsohuwar nan da kike sayen doya a hannunta. Ta tare ni a bakin hanya, ta riƙe hannuna ta ce, "Mun sani tuntuni. Amma mudun mamanka ne, mu ba ya magana." Darajarki ce ta rufe musu baki, Umma. Da sunanki ake cin guminsu.

Gobe Litinin oga yana jiran rahotona. In na faɗi gaskiya, za a iya cire garin daga jerin, motocin Asabar su daina zuwa, kuma matan nan da aka cuta su ne za su fara ji a jikinsu. Yaya Rabi kuwa wataƙila ba za ta sake amsa sallamata ba. In na yi shiru, babu wanda zai gano, don ni kaɗai ce a ofis na san abin da ya hana mudun zama. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na juya maganar nan har na gaji, ba ta raba min gardama ba.

Na taho da mudun a jakata, ba ta hana ni ba. Ɗazu bayan la'asar na cika shi da gero, na juye a mudun hukuma. Abin da ya rage ya cika tafin hannuna biyu. Na daɗe ina kallonsa, sai na ɗauko takarda.

Na rubuta, Umma. Na rubuta yadda na gani, da sunanta, na roƙi a bai wa garin wata guda ya gyara. Ban san ko za su yarda ba. Kafin in miƙa, zan kira ta da safe, don kada ta ji daga bakin wani. Tsoron wannan kiran ya fi min tsoron oga.

Allah Ya jiƙan ki, Ya cika miki mizani yadda kika cika wa mutane. Ya sassauta zuciyar Yaya Rabi a kaina, Ya sa ta ɗauki wayar.

Taki har kullum,
Autarki, mai riƙe da mudun