Zanen Zubaidatu da layin da aka ja a wuyan akuya

Mainika, ta Gwarzo.

Zuwa ga ɗana Jibirin a Fatakwal,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya tsare ku, Ya yi wa nema albarka. Mu nan lafiya ƙalau, gero ya fara fitar da kai, ƙafata ce dai take ta gardama. Rabon da in sa a rubuta maka takarda tun shekarar da ake layin sabulu da madara a Gwarzo, don haka ka san ba ƙaramin abu ya zaunar da ni gaban Malama Lucia, maƙwabciyarmu mai koyarwa a firamare, ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara.

Saƙonka ya iso ta bakin Bappa direba, cewa in sa 'yarka Zubaidatu ta bar zane-zanen nan ta ƙona takardun, wai tunda aka ƙaddamar da shari'a mutane na magana. To, ban bari an ƙona ba. Kai ba ka ga abin ba, ni na gani. Littafi take haɗa wa yara da labaran da nake ba ta. Na ba ta labarin shekarar yunwa, da ni da Inna muke tonon gidan tururuwa muna kwasar tsaba. Ta yi ta tambayata yadda Inna take ɗaura kallabi, da irin zanen fuskarta, sai da na gaji na kore ta. Rannan ta ajiye mini takarda a cinya. Jibirin, uwata ce, durƙushe, da ɗan ƙoƙonta. Yarinyar da ba ta taɓa ganinta ba! Sai na kama tasbihi.

Kada ka ɗauka wasa ne aikin. Takarda ta yi tsada, sai a bayan tsofaffin takardun jarrabawa take gwaji. Ni kaina na sa ta sake zana rumbu ba adadi, saboda ta yi masa ƙafa irin ta rumbun Katsinawa. Mai ɗab'i a Kano kuma ya ce shi ba ya son fitina, sai ta ja layi a wuyan duk mai rai kafin ya buga, wai an raba kai da jiki ke nan. Ta kwana biyu tana ja tana share hawaye. Da Malama Lucia ta kai wa 'yan ajinta su gani, ba wanda ya saurari labarin, sai tambaya suke wa ya yanka akuyar da ke cikin zanen, me tsohuwar ta yi aka yanka ta. Wata ma kuka ta fashe da shi.

Na ɗauki takardun na kai wa Liman Datti da kaina. Ya ce malamai sun saɓa a kan hoto, amma abin da aka yi don koyar da yara akwai sassauci a cikinsa. Ya daɗe yana kallon gidan tururuwar nan, ya ce shi ma kakarsa ta ba shi wannan labari, ga shi jikokinsa ba su sani ba. Abin da ke tsorata ni ke nan. In na mutu, wa ya rage?

Ka gaida matarka Badi'a, da Zayyad, da Halima Sa'adiya mai sunan Inna. Kawunka Maikuɗi yana gaishe ka. Gobe da safe, in Allah Ya kai mu, zan sa babbar riga, ni da Zubaidatu mu hau motar Kano da zanen da ta sake yi ba layi a wuya, in zauna a ƙofar mai ɗab'in nan har ya karɓa. In kana da ja, ka zo zaure ka faɗa mini.

Ni ne mahaifinka,
Malam Hamidu Mainika