Baruwar Ƙofar Madafi

Gida, Ilam
Watan Mangsir

Zuwa ga autata Nirkala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zaman Dharan? Mu nan kalau muke. Mun gama girbin tamba, ɓauna kuma ta haihu.

Kin tambayi jikin mahaifiyarki. Jiki kam da sauƙi, tana cin tuwonta. Kan ne dai. Shekaranjiya ta tambaye ni wace ce matar nan da ke shiga mata madafi, alhali Debika ce, matar yayanki Yubaraj, wadda ita da kanta ta zaɓo masa. Debika ta ce mata, "Ɓarauniya ce, Mama, gishirinki na zo sata." Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba.

Abu ɗaya ne bai kuɓuce mata ba: baruwar nan ta ƙofar madafi, 'yar itaciyar nan mai fure mai ƙamshi wadda ta ciro daga daji da ƙasarta tun kina goye. Kullum da safe tana wurinta. Ta tara mata ruɓaɓɓen ganye a gindi, ta tone hanya don kada ruwan wanke-wanke ya kwanta mata. Na kawo kashin ɓauna zan zuba, ta kore ni, wai ɗanye ne, zai ƙone saiwa. Fartanya kuwa ba a isa a kai ta kusa ba. Bana ta yi toho sosai, sanyi na kankama furenta zai buɗe.

Albishir kuma, Debika na da ciki. Ki gaida kowa.

Mahaifinki,
Tekbir Rai


Gida, Ilam
Watan Pus

'Yata Nirkala,

Ina gaishe ki da mutanen gidanki, da fatan kuna lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Baruwa ta buɗe, ƙamshinta har bakin hanya. Ranar kasuwa da ta wuce ni da Yubaraj muka tafi sayar da citta, muka bar mahaifiyarki da Debika su biyu a gida. Debika ta kwanta saboda ciwon baya. Mahaifiyarki ta tausaya mata, ta dafa mata shayi da madara kamar yadda ta saba yi muku. Sai dai maimakon kirfa, ɓawon baruwa ta ɓare ta zuba. Ita da ta raine ku tana ja muku kunne cewa itacen nan guba ne! Debika ta ji ɗaci da zafi a maƙogwaro, amma kunyar suruka ta sa ta shanye.

Mun dawo mun tarar da ita tana amai, bakinta duk ya kumbura. Maƙwabta suka taya mu ɗaukar ta a kwando har bakin titi, muka samu mota zuwa asibiti. Ita ta tsira. Cikin bai tsira ba.

Yubaraj bai ɗaga wa uwarsa murya ba. Washegari ya ɗauki adda ya sare baruwar tun daga gindi, ya tumbuke kututturen, ya wurga duka cikin kwazazzabo. Na ce ya dakata mu kewaye ta da gora, ya ce, "Baba, gobe kuma a tukunyar wa za ta zuba?" Sai na ƙyale shi. Mahaifiyarki tana zaune a dandamali tana kallo. Ba ta san abin da ta yi ba, kuma ba wanda ya gaya mata.

Debika tana gidan iyayenta. Ki rubuta mata, don ni na kasa.

Mahaifinki,
Tekbir


Gida, Ilam
Watan Magh

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Saƙonki ya iso, da rigar sanyin. Na ga abin da kika ce a kan yayanki. Ki sassauta masa, ba ki ga yadda ya koma ba.

Tun da aka sare itacen, mahaifiyarki ta daina cin abin kirki. Ta kan tsaya a bakin ramin da tulun ruwa a hannu, ta ce mini, "Baban Yubaraj, wa ya ɗauke ta?" In ce akuya ce ta cinye, ta ce ƙarya nake, akuya ba ta kusantar baruwa.

Makon jiya da rana na sauka rafi shayar da ɓauna, na dawo ba ta nan. Muka bi gida-gida, muka bi gonakin shayi, har duhu ya kore mu. Ranar kuwa dusar ƙanƙara ta zuba a kan tudu. Da gari ya waye masu yankan ciyawa suka same ta can sama cikin daji, a ƙarƙashin baruwoyin da ke fitowa da kansu, zaune da sanda a hannu. Ta tone gindin wata 'yar ƙarama har farcenta ya fashe. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta.

Yubaraj ne ya goyo ta zuwa gida. A asibiti sun cire mata yatsun ƙafa biyu da sanyi ya kashe, kuma sanyin ya shiga ƙirjinta. Likita ya ce mu mai da ita gida mu riƙa ɗumama ta. Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Yanzu tana kwance kusa da murhu. Kowace safiya yayanki ya kan hau dajin nan, ya karyo reshe mai fure ya kawo mata. Yana riƙe shi a hannunsa ta shaƙa, ba ya sakar mata, in ta yi barci ya jefa a wuta. Da ta ji ƙamshin ta kan yarda ta sha kunu kaɗan. Jiya ta dube shi ta ce, "Yaron kirki. Ɗan gidan wa ne kai?" Ya ce shi ɗan maƙwabta ne. Ya fita bayan turken ɓauna ya daɗe bai dawo ba.

Debika ta aiko da man shanu, ta ce a shafa wa Mama a ƙirji. Ba ta ce yaushe za ta dawo ba, ni ma ban tambaya ba.

Auta, ki bar yara wurin surukarki ki taho. Furen daji ya fara zubewa, jiya sai da Yubaraj ya haura har bayan dutse kafin ya samu reshe ɗaya mai kyau. In watan gobe, Fagun, ya yi nisa ba sauran ko ɗaya, kuma ban san da me za mu ba ta kunu ba bayan nan. Wataƙila ba za ta gane ki ba. Ki zo duk da haka.

Mahaifinki mai jiran ki,
Tekbir