Gidanmu na Bakin Kogi Ya Zama Otal

Amasya, watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Nermin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da angonki Rasim. Allah ya sa sanyin Jamus ya sassauta muku. Baba da Mama lafiya ƙalau, tuffa ta fara fure a gonakin bayan gari. Kaka Hayriye ce dai sai a hankali, kuma saboda ita na ɗauki biro, don a waya ba zan iya ba, kin san bakina.

Mama ta ce kin kama mana ɗakuna a tsohon gidanmu na bakin kogi, mu kwana can idan kun zo bikinku, don ki faranta wa Kaka. Yaya, don Allah ki fasa. Tunda aka gyara unguwar don masu yawon buɗe ido, Baba ya sayar, muka koma hawa na bakwai a sabon gari, ba ki ga gidan ba sai a hoto. A hoto kam ya yi kyau. An shafe shi fari tas, an sa fitilu. Tagar katakon nan da nake zama ina karanta littattafan soyayyata, ina jiran wani baƙo ya ɗago kai daga gada ya gan ni, yanzu baƙi ɗari ke ɗago kai kullum, amma tagar suke ɗauka hoto. Malaminmu yana ta alfahari wai garinmu ya ci gaba, wai a nan 'ya'yan sarakuna suka koyi mulki. Ni dai na ga kaburburan sarakunan dā suna nan a jikin dutse ba wanda ya taɓa su, mu masu rai aka kwashe.

Makon jiya Kaka ta matsa na raka ta tsohon gidan. Muna isa bakin ƙofa ta tuɓe takalmanta ta jera su, kamar yadda ta yi shekara hamsin tana yi. Sai ga mutane suna saukowa daga bene da takalma ƙaf-ƙaf, a kan katakon da take gogewa a durƙushe. Wata ma'aikaciya ta zo da murmushinta, ta kira ta Inna, ta ce ta mayar da takalmanta kada wani baƙo ya yi tuntuɓe, sannan ta tambaya ko mun kama tebur. A ɗakin da aka haife ki ake shan shayin. Na so in ce wa ma'aikaciyar wannan tsohuwar ce ta dasa inabin da ke bisa kanta. Amma durƙusawa kawai na yi na sa wa Kaka takalman. A mota ta ce min da ma rushe shi suka yi, da ta san inda za ta ajiye shi a ranta. Tun ranar ba ta sake sauka ƙasa ba.

Ku zo nan wurinmu. Ba a hango kogi, amma zan bar miki gadona in kwana a ƙasa.

Ki gaida Rasim da Goggo Sabiha da yaranta. Baba da Mama suna gaishe ku. Na karanta wa Kaka wasiƙar nan, ta ce kada in takura miki, idan ranki yana son kwana can ki je abinki, ita za ta jira ki a nan. Roƙonta ɗaya, ki tuɓe takalmanki a ƙofa, ko da sun hana.

Taki ƙanwa,
Gulizar